Hannun Mai da Hannun Aska

Kwalbar man askin nan da ke kan tagar ɗakina ta sha dariya a gidan nan. Kai Sadiƙu, kwanan baya ka ɗauke ta ka jujjuya, ka ce ka karanta a waya cewa cin kuɗin mutane kawai ake yi da ita, wai ruwan ɗumi da sabulu mai kyau sun ishi kowa. Ƙanwarka Hauwa ta kama maka, ta ce ai Baba in ya riƙe abu sai dai a yi haƙuri. Ban tanka muku ba, don ba ƙarya kuka yi ba gaba ɗaya. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan babi daban ne. Hauwa ce ta dawo daga wani biki a Kwaciri ranta a ɓace, ta ce wata mata ta nuna ta da baki, ta ce ga 'yar wanda ya ƙwace wa kakanmu aska. Ta tambaye ni ko gaskiya ne, na ce ta ba ni lokaci. Maganar kwalbar da maganar askar abu ɗaya ne, kuma mutanen da suka sa na kama bakina duk sun riga mu gidan gaskiya. Saboda haka ga yadda aka yi.

Kakanku Malam Habu tela ne a Fagge, irin masu ɗinka manyan riguna, kuma ban taɓa ganin mai tsafta kamarsa ba. Gemunsa yana nan ba a taɓa shi sai gyara, amma kansa kowace Juma'a sai an aske shi ƙwal kafin ya sa hula ya tafi masallaci. In gashi ya ɗan tsiro sai ka ga ya kasa zama, yana ɗaga hula yana sosawa, yana cewa ji yake kamar ya kwana a kasuwa. Mai yi masa askin kuwa mutum ɗaya ne tun suna samari, wato Baba Tanko wanzami. Bazazzagi ne, gajere, baki ba ya hutawa, kullum da zabirarsa a kafaɗa. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi wa ƙannena, kai ma Sadiƙu askarsa ce ta fara hawa kanka. Da hantsin Juma'a sai ka ji sallamarsa tun daga bakin layi, kuma da yake tsakanin Kanawa da Zage-zagi akwai wasa, ba sa gaisawa sai sun tsokani juna.

"Salamu alaikum! Ina bawan nan nawa? A fito mini da kan nan in ga abin da ya tsiro."

"Shigo, Bazazzagi. Wa ya taɓa ganin ubangida yana yawo gida-gida da jaka a kafaɗa?"

A soro ake yi. Inna, wato kakarku, ta aiko da ruwan ɗumi a ƙoƙo, a shimfiɗa buzu, Baba, wato kakanku, ya zauna ya sunkuyar da kai. Baba Tanko ba ya amfani da sabulu, cewa yake sabulu na waɗanda ba su da hannu ne. Ruwa yake ɗiba a tafinsa ya yi ta murza kan har gashin ya yi laushi, sannan ya warware askar Baba daga ƙyallenta, don tasa daban ce ba a taɓa kowa da ita, ya wasa ta a fata. Babban yatsansa na hagu yana jan fatar kai, askar tana bin sa a baya. Ina yaro nakan zauna in yi ta kallo, ba don askin ba, don hirar. A nan ake maganar wanda ya rasu da wanda ya yi aure, da tsadar yadi, da limamin da ke tsawaita huɗuba. Baba mutum ne mai nauyin baki, a cikin gida sai ya wuni bai yi dariya ba, amma a ƙarƙashin askar nan nakan ji yana ƙyaƙyatawa har Baba Tanko ya ce ya tsaya cik ko ya tafi masallaci da kunne ɗaya.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, ni ina koyarwa a makarantar sakandare, ina zaune da iyalina a sashen baya na gidan. A farkonta Baba ya yi ciwon zuciya, ya kwanta asibiti, Allah ya tashi kafaɗarsa. Sai dai an sallamo shi da wani magani mai tsinka jini don kada ya daskare a jijiya, kuma likita ya ja mini kunne a kan abu guda: a kiyaye yanka, ko ƙanƙane ne, don jinin zai daɗe bai tsaya ba. Na ce to, ban ma kawo aski a raina ba. Mutumin da aka shekara da shekaru ana aske wa kai ba a taɓa ganin jini ba, me zai sa in tuna?

Amma akwai abin da dukanmu mun gani mun kau da kai. Hannun Baba Tanko ya fara rawa. In an miƙa masa kofin shayi sai ka ji cokali yana ƙara a ciki, shi kuwa sai ya yi maza ya tallafa da ɗaya hannun, ya ce shayin Kanawa ne ya cika zafi. Juma'ar farko bayan dawowar Baba daga asibiti, askar ta ɗan kama shi a ƙeya. Yankan bai kai a kira shi yanka ba. Baba Tanko ya goga alif kamar yadda aka saba, jini ya ƙi tsayawa. Aka danna auduga, ta jiƙe, aka sake wata. Har aka kira salla muna soro muna fama, kuma ranar Baba bai sami Juma'a ba, abin da ban taɓa gani ba in ba yana kwance asibiti ba.

Da yamma Inna ta aika a kira ni. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kama sunana.

"Kai wannan, ko ka yi magana ko ni in yi. Mutumin nan hannunsa ya tafi. Jira kuke sai ya yanke masa jijiya?"

"Inna, me zan ce masa? Shi ya yi mini askin suna fa."

"To ka gaya wa uban naka. Ni na faɗa masa, ya ce in shiga harkar tukunyata."

Na sami Baba, na kewaya na kewaya, na ce ko za a sayo injin aski, tunda shi ba ya yanka. Ya dube ni ya ce shi ba tunkiya ba ne da za a bi shi da inji, kuma injin ba ya fitar da kai yadda yake so. Na ce to Iliya fa, babban ɗan Baba Tanko, ai shi ma ya gaji sana'ar, har yana da shago. Nan ne ya ajiye carbinsa.

"In na kira ɗansa alhali yana raye yana zuwa da ƙafarsa, na yi wa unguwa shela ke nan cewa Tanko ya ƙare. Ni ne na ƙarshe da yake yi wa da kansa, sauran duk ya sakar wa yaran. Ran da na tashi daga gabansa, ran nan zai rataye zabira, kuma wanzamin da ya rataye zabira ba ya daɗewa. Ba da ni za a yi wannan ba."

Haka na fito ba tare da na samo komai ba. Ga jinin ubana a gefe guda, ga mutuncin amininsa a ɗaya gefen, kuma shi mai jinin ya ce a bar shi ya zuba. Na ji haushinsa a ranar, ba zan ɓoye muku ba, kuma na ji tsoro.

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin man da ake shafawa kafin aski, ya ce yana sa aska ta yi sulɓi ba ta kama fata. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na tashi daga makaranta na nufi Sabon Gari, na yi ta tambaya daga layin masu kayan shafe-shafe zuwa na masu kayan aski, har aka nuna mini shagon wata mata da ake kira Madam Ngozi. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu Kanawan fita. Ta sauko mini da 'yar kwalba mai ruwan zuma, ta tambaye ni ko nawa ne askin. Na ce na tsoho ne, fatar kansa ta bushe, aska tana kama shi.

"In bushewar fata ce, zai taimaka," in ji ta. "A jiƙa kan da ruwan ɗumi tukuna, sannan a ɗiga kaɗan a murza. Kaɗan fa, Malam, ba miya za ka yi ba."

Har na juya sai ta ƙara da cewa, "Amma in daga mai askin ne, wannan ba ni da maganinsa a shagon nan."

Na yi kamar ban ji ba. A gida Inna ta buɗe kwalbar ta sansana, ta ce man ridi ne da man zaitun aka ɗiga wa turare, da na tambaye ta da ta haɗa mini a kicin. Baba dai ya karɓa ya ajiye a gefen buzunsa.

Da Juma'a ta zo Baba Tanko ya ga kwalbar, sai da ya yi dariya har da tari. Ya ce tun kakansa ruwa ake sa wa kai, yau kuma ɗan boko ya zo zai soya kan ubansa kamar ƙosai. Baba ya ce a gwada, yaron ya sha rana ya sayo. Ni kuma garin zumuɗi na manta gargaɗin Madam Ngozi, na tuttula masa a tafi. Ya murza, kan ya ɗauki ƙyalli, ya ɗauki aska. An yi rabi lafiya, har na fara jin daɗi a raina. Da aka zo bayan kunne sai askar ta zarce. Wannan karon yanka ne na gaske, jini ya gangaro har wuyan riga, sai da muka ɗauki Baba zuwa asibiti aka ɗaure wurin.

"Na faɗa!" in ji Baba Tanko. "Na faɗa muku! Hannun da ya taɓa mai ba ya riƙe aska. Wannan ko yaron wanzami ya sani."

Kowa ya ce haka ne, laifin mai ne. Ni ma na ce haka ne. Amma ina tsaye a kansu lokacin da abin ya faru, kuma na ga bakin askar yana karkarwa tun kafin ya sauka a fata. Da na dawo soro ɗaukar hular Baba, na tarar da Baba Tanko shi kaɗai a zaune, ya danne hannunsa na dama a kan gwiwa da na hagu, yana kallonsa. Bai ji shigowata ba. Na ɗauki hular na fita a hankali, kuma tausayinsa ya kama ni fiye da na wanda ke zubar da jinin.

Ciwon ya ɗauki makonni kafin ya warke, ba a yi aski ba. Duk da haka Baba Tanko bai fasa zuwa ba, sai dai ba ya sauke zabira daga kafaɗa, kuma tsokanar ta ragu. Su zauna su yi 'yar hira sama-sama ya tashi. Furfura ta rufe kan Baba, yana ta sosawa. A cikin kwanakin nan ne ya kira ni wata rana bayan la'asar.

"Ka taɓa aske kan mutum?"

"Fuskata kawai, Baba, ita ma da reza."

"To ka nemi aska ka koya. Ga kan ƙanenka Sani nan yana yawo ba aikin da yake yi. Kuma kwalbar nan kada ka yar."

"Baba, ita ce fa ta jawo wannan."

Ya ɗago ya dube ni. "Kai ma ka yarda da haka?"

Na tashi na tafi neman aska. Baffanku Sani shi ya sha wahalar karatuna. Ku tambaye shi, har yau in ya cire hula yakan nuna wani tabo ya ce ga shaidar digirina. Na yi ta yi a kansa da kan duk wanda ya yarda, har hannuna ya daina tsoron askar, ko da yake ban san inda Baba ya dosa ba.

Juma'ar farko bayan ciwon ya warke, Baba ya sa aka shimfiɗa buzu aka kawo ruwan ɗumi kamar da, ya ce in zauna. Baba Tanko ya shigo, ya ga ƙoƙo, ya ga kwalba, ya tsaya.

"Tanko," in ji Baba, "man nan na yaron nan ni fa ya karɓe ni. Tunda aka shafa kaina bai yi ƙaiƙayi irin na da ba, kuma ina so a ci gaba. Amma maganarka gaskiya ce, hannun da ya taɓa mai ba ya riƙe aska. To ka ga aikin ya zama na mutum biyu, ɗaya ya shafa, ɗaya ya aske. Shafawar ba zan ba wannan ba, hannun alli gare shi, ka ga ɓarnar da ya yi ran nan. Kai ka san kan nan, ka san inda yake da taushi da inda yake da gardama. Kai za ka jiƙa, ka shafa, ka murza. Shi ya ja askar, kana tsaye a kansa. In ya yi ba daidai ba ka mare shi, na ba ka."

Baba Tanko ya dubi Baba, ya dube ni, ya dubi kwalbar. Ni dai na sunkuyar da kai, don na san in ya juya ya fita ba zai sake takowa gidan ba. Can sai na ji ya sauke zabira.

"Kanawa dai ba kwa rabo da tsirfa," in ji shi. "Yau kuma kai ɗaya wanzami biyu, sai ka ce kan sarki."

Ya warware askar daga ƙyallenta, ya wasa ta da kansa, ya miƙo mini ta wajen ƙota.

"Riƙe. Ba alli ba ne, kada ka matse ta."

Ya jiƙa kan, ya ɗiga man a tafinsa, ɗan kaɗan, ya shiga murzawa. A wannan aikin rawar hannu ba ta hana komai. Ya daɗe yana yi, daga goshi zuwa ƙeya, yana bin bayan kunne da yatsa, har na ga Baba ya lumshe ido. Da na kai hannun hagu zan ja fatar sai yatsuna suka zame. Baba Tanko ya tura mini dunƙulen alif da gwiwar hannu, ya ce in jiƙa yatsuna in goga a kai. Na goga, sai ga yatsun sun kama fatar gam kamar ba a shafa komai ba. Daga nan ya shiga ba ni umarni: kwantar da ita, bi gashi kada ka yi masa gardama, goge bakin, kada ka koma inda ka wuce. Gumi ya jiƙa mini riga. An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, ni kuwa tun daga ƙeya nake jin zafinsa. Muka gama babu ɗigon jini. Baba ya shafa kansa, ya ce ba laifi, shafawar ta yi kyau, askin kuma da sauransa. Ran nan da ƙafarsa ya tafi masallaci, su biyu suna tafe suna musu a kan waye bawan wani.

Haka muka ci gaba har ƙarshen ran Baba, kuma a cikin shekarun nan na san man aski sanin da waya ba za ta ba ka ba, Sadiƙu. Ga mai ƙuruciya, wanda fatarsa ke da danshi, in ya jiƙa gashi sosai da ruwan ɗumi ya sami sabulu mai kumfa, ba ya bukatarsa. Ga fatar tsoho wadda ta bushe ta yi siriri, yana da ɗan amfani: askar ba ta tsalle, kuma bayan an gama ba a jin raɗaɗi. In ya yi yawa ya toshe bakin aska, ya kashe kumfa, ya sa yatsu santsi. Ba ya mai da dakusasshiyar aska mai kaifi, ba ya kuma gyara hannun da ya lalace. Da kwalbar farko ta ƙare na koma wurin Madam Ngozi, daga baya Inna ta karɓi aikin tana haɗa mana da man ridi, kuma ban ga bambanci ba sai ƙamshi. In tambayarka ita ce ko gashi yana bukatarsa, amsar ita ce ba sosai ba.

Abin bai tafi a banza ba. Soro ba ya da sirri, duk mai wucewa yana leƙawa. Ba a daɗe ba labari ya kai wa Iliya da ƙannensa cewa an ga malamin makaranta riƙe da aska, ubansu kuma yana gefe da hannu duk maiƙo kamar yaron shago. A wurin wanzamai aska gado ce, ba a miƙa ta ga wanda ba ɗan gida ba, balle a gaban mai ita. Iliya ya tare ni a hanya, ko gaisuwar kirki babu.

"Malam, in kun gaji da tsohonmu ai sai ku sallame shi da mutunci. Mu ba mu mutu ba. Me ya yi muku da za ku mai da shi mai shafa mai?"

Amsar tana bakina. Da na ce hannunsa ne ya tafi, da magana ta ƙare a wurin. Amma Baba ya riga ya gargaɗe ni cewa kalmar nan kada ta fito daga gidanmu, ko ga 'ya'yansa, don abin da mutum bai faɗa da bakinsa ba ba a faɗa masa. Ko sun sani suna ɓoyewa, ko ba su lura ba tunda ya daina aski a gabansu, Allah masani. Na ce wa Iliya ya yi haƙuri, ra'ayin tsofaffi ne. Daga ranar suka ɗauke ƙafa. Da aka haife ki, Hauwa, muka aika musu goron suna, ba wanda ya zo, sai wani wanzami muka nemo daga wata unguwa. Zumuncin da ya haɗa gidajen nan biyu tun kafin a haife ni ya tsinke a hannuna, kuma abin ya dame ni ƙwarai, har yau yana damuna. A shekarun ne kuma aka so mayar da ni wani gari da ƙarin girma na ƙi, mahaifiyarku ta yi ta mamaki. Ban iya ce mata saboda askin Juma'a ba ne, sai na ce ba na son nisa da gida.

Da Baba ya rasu aka share makoki, na ɗauka shi ke nan. Juma'ar da ta biyo baya ina cikin gida sai na ji sallama a soro, a hankali, ba irin ta da ba. Na fito na tarar da Baba Tanko ya zauna a inda Baba yake zama. Na gaishe shi, na ɗauka ta'aziyya ya ƙaro. Sai ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Kansa ya cika da furfura, da gani an daɗe ba a taɓa shi ba.

"Kawo ruwan, ka kawo man," in ji shi. "An ce wanzami ba ya son jarfa, to yau ga shi ya kawo kansa."

Na kawo. Ya ciro askar Baba daga zabira ya miƙo mini. Na ce masa, don in sami abin faɗa, ashe dai shi ma man ya karɓe shi. Ya yi 'yar dariya.

"Man me? Kai da na koya wa goga alif a yatsa, ka ɗauka ban san yadda ake riƙe aska da hannun mai ba? Ba mai ne ya yanki Habu ba. Na sani, ya san na sani. Bakanon nan ya rasa yadda zai karɓe askar ya bar ni a soron, sai ya ƙirƙiro mini aiki." Ya goge ido da bakin rigarsa. "In na bi shi, ka faɗa wa wanda ka ga dama. Yanzu dai bar yaran su yi ta fushinsu, ya fi mini sauƙi."

Na buɗe kwalbar zan ɗiga a tafina, sai ya buge mini hannu.

"Kai! Hannun da ya taɓa mai ba ya riƙe aska. Wannan aikina ne."

Ya karɓa ya shafa wa kansa da kansa, hannun yana rawa, ni kuma na aske shi. Muka yi ta haka kowace Juma'a har shi ma ya tafi.

To Hauwa, in kin sake haɗuwa da matar nan, ki gaishe ta da kyau, jikar mutumin kirki ce. Ki ce mata ba ƙwace aka yi ba, da hannunsa ya miƙo, ta wajen ƙota. Kai kuma Sadiƙu, na ga inda idonka ya tsaya shekaranjiya da cokali ya yi ƙara a kofin shayina, na kuma ga ka kau da kai. Askar kakanka tana cikin ƙyallenta a durowata, ka fara koyo tun yanzu, kan baffanka Sani yana nan. Kwalbar kuwa ka bar mini ita a inda take, ni zan shafa.